Matar da ke Shafi na Uku

Litinin, daga ɗakin kwanan ɗalibai

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Goggo. Yaya gwiwar tata? Ki riƙa tsayawa a kanta ta shafa maganin safe da yamma, kin san halin uwata, kwana biyu ba ciwo sai ta ce ta warke. Ni lafiya lau, sai murar da ta zaga ɗakinmu ta biyo ta kaina, ita ma ta wuce.

Albishirinki. Kamfanin nan masu yin manhajar waya sun kira ni zagaye na biyu na intabiyu. Mun fi mutum ɗari da muka nema, mu goma sha biyu muka rage, biyu za su ɗauka. Ranar Laraba ce, nan da mako uku. In Allah ya sa na samu, ina ajiye alƙalamin jarrabawar ƙarshe zan fara aiki, mu kama ɗaki biyu namu na kanmu.

Kin taɓa tambayata wai shi furodak manaja me yake sayarwa. Ba ya sayar da komai. Shi ne ke tsayawa tsakanin masu rubuta manhaja da mutanen da za su yi amfani da ita. Zai je ya saurari mutane, ya gano abin da ke damunsu, ya dawo ya ce ga abin da za a gina, ga abin da za a bari. A wannan zagayen kowa zai zo da labarin mutum ɗaya na gaske da ya yi wa tambayoyi, ya tsaya minti goma gaban mutum huɗu ya nuna manhajar da za ta yi wa mutumin amfani. Tun da na nema na san haka tsarin yake, shi ya sa na fara shiri da wuri.

Abokaina duk sun rasa mai ba su amsa fiye da layi biyu. Ni kuwa Allah ya ba ni ke. Tambayoyin da na yi ta aiko miki wata biyun nan, amsoshinki sun wuce abin da nake nema. Na tsara manhajar karatu ta matan aure, wadda za ta riƙe wa mace inda ta tsaya in an kira ta, ta kuma haɗa ta da waɗanda suka karanta babi ɗaya da ita. Ke ce a shafi na uku na abin da zan haska a bango. Ga kwafinsa, ki duba ko na yi kuskure:

Mai amfani: matar aure, shekara ashirin da biyu. Karatu ya tsaya a sakandare. Miji ɗalibi, ba ya gari. Tana zaune da uwar miji mai ciwon gwiwa.
Ɗabi'a: tana karanta littattafan soyayya awa biyu zuwa uku a rana, yawanci a ɓoye a cikin sito.
Cikas: uwar miji na kiranta duk bayan minti goma.
Buƙata: kaɗaici na damunta, tana son a tambaye ta ra'ayinta.
Kalamanta: "In na rufe littafi sai in ji kamar an fita da fitila an bar ni a ɗakin."

Layin ƙarshen nan, Auta, shi zai ciyo mini aikin.

Saura tambaya ɗaya. In manhajar za ta turo miki saƙon tuni, da safe kika fi so ko da la'asar?

Ki gaida Goggo.

Mijinki.

*

Alhamis, daga gida

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gwiwar Goggo da sauƙi. Murarka Allah ya raba ka da ita. Na gama gaisuwa.

Na karanta takardarka a tsaye a ƙofar kicin, direban da ke kawo mana takardu bai ma tayar da mota ba. Na sake karantawa a zaune. Na karanta na uku ko zan ga inda ka rubuta wasa kake yi. Babu.

Bari in gaya maka abin da ba ka sa a shafinka ba.

Ranar da takardarka ta farko mai tambayoyi ta zo, wadda ka ce in ba ka labarin yinina tun daga buɗe ido, ruwan shayi ya ƙone ƙurmus a kan wuta ina tsaye ina murmushi. Shekara ɗaya da rabi da aurenmu, ba ka taɓa tambayata komai ba sai ina safata, ina cajar wayata. Sai ga shi rana ɗaya kana so ka san abin da nake ji in na gama littafi. Na ce Allah ya karɓi addu'ata. Na ce nisa ya koya wa Yaya kewa. A littattafan da kake yi mini dariya a kansu haka ake yi: namiji ya yi ta shiru babi ashirin, sai wani abu ya taɓa shi, ya waiwayo ya ga matar da ke gabansa tun farko. Na ɗauka mun iso babin.

Duk amsar da na ba ka sai ka dawo da "me ya sa?" In ba ka dalili, ka sake cewa me ya sa. Na ce wannan bawan Allah so yake ya kai har ƙasan zuciyata, ni kuma na yi ta buɗe maka ƙofa bayan ƙofa. Takarda goma sha ɗaya. Ina rubutawa, ina yagawa, ina sakewa don rubutun ya yi kyau. Har turarena nake shafa wa gefen ambulan. Kai kuwa kana can da jan biro kana zaɓen layin da zai ciyo maka aiki.

Ka manta dalilin da ya sa muke takarda? Wayata ba ta magana sai a lasifika, bangon gidan nan kuma ba ya riƙe komai. Ni na ce mu riƙa rubutu don a samu wuri ɗaya a duniya da daga ni sai kai. Wurin ne za ka haska a bango gaban ƙarti huɗu.

Ka ce in duba ko ka yi kuskure. To na duba.

Shekaruna daidai ne, madalla.

"Karatu ya tsaya a sakandare." Shi kaɗai ya tsaya? Ba ni da kai muka zauna aka ce in jira ka gama tukuna ba?

"Duk bayan minti goma." A ina na rubuta haka? Nuna mini. Shafi uku na cika maka a kan Goggo. Na ce takan kira ni ko ba ta da aike, in je in tarar ta manta abin da za ta ce, sai ta ce in zauna. Na ce ina jin ita ma shirun gidan ke cinta tun da ka tafi. Na ce wani lokacin nakan shiga sito in zauna kan buhu don in gama babi ɗaya, in fito ina jin kunyar kaina. Ka ɗauki wannan duka ka matse shi ya koma kalma ɗaya: cikas. Matar da ta haife ka. Matar da ta goya ni ranar da aka yi jana'izar babana, tun kafin kowa ya san zan zama surukarta.

Maganar fitila kuwa, da na san inda za ta je da na haɗiye ta. Ina kuka na rubuta ta. Ka duba takardar, za ka ga inda biron ya baje.

Amsar tambayarka: ba safe, ba la'asar.

Ka yi yadda ka ga dama da shafinka na uku, tunda kai ne mai ilimi.

Matar aure, shekara ashirin da biyu.

*

Litinin

Auta,

Sallama da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya, ina kuma fata zuwa yanzu ranki ya ɗan yi sanyi. Ni lafiya, sai dai barci ya yi ƙaranci, ga karatun jarrabawa ga shirin intabiyu.

Na ga fushinki, kuma na yarda ya kamata in gaya miki tun farko. Amma ki fahimce ni. Ƙa'idar aikin ce. In mutum ya san nazari ake yi a kansa, sai ya fara gyara magana, ya faɗi abin da yake ganin ana so a ji. Maimaita "me ya sa" ma hanya ce da aka koya mana, sau biyar ake yi, don a wuce amsar sama a kai ga ta gaskiya. Wannan bai nuna ban damu da amsoshin ba. Na ji daɗin karanta su ƙwarai.

Sannan babu sunanki, babu sunan unguwa. Mata nawa ne masu shekara ashirin da biyu a ƙasar nan? Mutum huɗun nan ba su san ki ba, ba za su taɓa ganinki ba. Minti goma ne, Auta. Minti goma, mu samu gidanmu, ki koma makaranta. Don wa nake wannan wahalar?

Na gode da kika bar mini zaɓi a ƙarshen takardarki. Ranar Asabar na gwada gabatarwar gaban ƙungiyarmu. Mu shida ne muke haɗuwa a wani aji da ba kowa, ɗaya ya tsaya, sauran su zama masu tambaya, a sa agogo. Har da ɗan gidan tela na layinmu, kin san ajinmu ɗaya. Da na karanta layin fitila duk suka tafa. Wata a cikinmu ta ce in ba a ɗauke ni ba to da hannun wani a ciki.

Na gyara "duk bayan minti goma" ya koma "sau da yawa a yini". Kin ga na ji maganarki.

Ga sabon littafi nan na ba direba, mai shagon ya ce shi mata ke rububi yanzu.

Mijinki mai ƙaunarki.

*

Alhamis

Yaya,

Amin sallama. Jikinmu lafiya. Abin da ba lafiya ba za ka ji shi yanzu.

Ni na bar maka zaɓi? Kai da aka koya wa sauraron mutane, kai da kake neman a biya ka albashi don ka gane abin da ke ransu, ka karanta "ka yi yadda ka ga dama" daga matar da ta cika shafi biyu da wuta, ka ce izini ne? Kamfanin nan in suka ɗauke ka sun shiga uku.

Ka tambaya mata nawa ne masu shekara ashirin da biyu. Ban sani ba. Amma masu shekara ashirin da biyu, da miji ɗalibi, da suruka mai ciwon gwiwa, waɗanda mijin nasu ne ke tsaye yana ba da labarin, guda nawa ɗan tela ya sani?

Ranar Litinin da la'asar, takardarka na hannuna ban gama hucewa daga ita ba, sai ga matar tela ta yi sallama, wai ta zo duba gwiwa. Shekara guda ba ta tako gidan nan ba. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta kalle ni sama da ƙasa tana dariya.

"Amarya, yau an fito daga sito kenan?"

Goggo ta ce, "Wane sito?"

"Au, ba ki sani ba? Ai surukarki ta yi suna a jami'a. Ɗana ya bugo mini jiya yana ta dariya. Wai har tafi aka yi mata. Ita ce mai kaɗaici, ke ce cikas."

Goggo ta ce, "Ni ce me?"

"Cikas. Wai kiranki ya hana ta sakat, sai ta ɓuya a kan buhu. Ni dai na ce yaran yanzu sai addu'a."

Na tsaya da kofi a hannu kamar an dasa ni. Goggo ba ta kalle ni ba. Ta tambayi matar lafiyar maigidanta, ta tambayi kasuwa, ta raka ta har ƙofa tana ɗingishi. Da ta dawo ta wuce ni ta shiga ɗaki ta saki labule.

Yau kwana huɗu Goggo ba ta kira sunana ba. Ko sau ɗaya. Da zagina ta yi da na ji daɗi. Jiya da safe na fito na tarar tana jan bokitin wanka a ƙasa, tana tafiya tana hutawa, ruwan na zuba a ƙafarta. Na ruga zan karɓa, ta riƙe hannun bokitin gam.

"Bar shi, 'yar nan. Je ki yi karatunki. Kada in zame miki cikas."

Maganin ma ita ke shafawa yanzu, ƙofa a rufe. Na durƙusa na ce Goggo ba haka na faɗa ba. Ta ce, "Ɗana ne ya yi ƙarya kenan?" Ka gaya mini amsar da zan ba ta. In ce eh, na zagi ɗanta. In ce a'a, na zagi kaina.

Ga manhajarka ta fara aiki tun ba a gina ta ba. Yanzu ba mai kirana. Ina da yini guda cur na karatu, kuma ko layi ɗaya ba ya shiga.

Kada ka sake ce mini don ni kake yi. Da don ni ne da ka tambaye ni. Kalma nawa ce? Kai da ba ka gajiya da tambaya, wannan ɗayar ce ta gagare ka, don ka san amsar.

To ga ta a fili, yadda ba za ka karanta ta a juye ba. Ban yarda ba. Ka cire ni daga shafi na uku da duk wani shafi. Ka cire Goggo. Ka cire sito, ka cire fitila. Ba gyara na ce ba, ba sauya shekaru ba, cirewa. In ka tsaya gaban mutanen nan da ni a bango ka samu aikin, Allah ya sa albarka, amma ɗakunan nan biyu kai kaɗai za ka shiga. Ba zan kwana ƙarƙashin rufin da aka biya da wannan ba.

Littafinka na mayar wa direba. Ban karanta ba. Shafin ƙarshe kawai na leƙa, kuma ta yafe masa, sakarya.

Auta.

*

Alhamis

Yaya,

Sallama. Muna nan da rai. Gwiwar ta kumbura, ta ƙi a kai ta asibiti.

Direba ya zo Litinin hannu wofi. Ya zo yau, na fita da mayafi a karkace, ya ce, "Amarya, sai haƙuri, ban ma ga ƙeyarsa ba." Ko ɗan saƙon waya babu.

Saura kwana shida. Na san ba ka da wata matar da ta rubuta maka takarda goma sha ɗaya, na kuma san ba a haɗa irin wannan aikin a mako guda. Don haka na fassara shirunka da kaina. Kana jira Laraba ta wuce, ka zo da takardar ɗaukar aiki a hannu ɗaya, ban haƙuri a ɗayan, ka ce ai an riga an yi.

In haka ne ka faɗa, ka daina ɓuya. Ni da na ɓuya a sito duniya ta ji.

Na fara ninke kayana. Ba barazana ba ce, hannuna ne ya rasa abin yi.

Auta.

*

Alhamis, washegarin intabiyu

Auta,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Goggo? Ki gaya mata in ba ta je asibiti ba zan zo in ɗauke ta a kafaɗa. Ni lafiya.

Ban samu ba. Saƙonsu ya shigo ɗazu da hantsi, layi uku, suna yi mini fatan alheri.

Ban rubuto ba don ba na so in aiko miki da alkawari. Alkawarina ba shi da daraja a wurinki yanzu, kuma da gaskiyarki. Na kuma yi fushi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina yawo da takardarki a aljihu ina ce wa kaina aikin wata biyu ne za ki rushe saboda bakin matar tela. Na je na sami ɗanta a ɗakin karatu, aka raba mu da ƙyar. Abin da ya ce mini shi ne, "Ni uwata kaɗai na gaya wa. Kai mutum biyar ka tara."

Ranar Asabar na tsaya gaban ƙungiya zan sake gwaji, har lokacin da niyyar in yi amfani da labarinki. Shafi na uku ya hau bango. Na buɗe baki zan karanta, na ga kalmar nan ta cikas, na tuna bokitin. Na rufe kwamfutar na fita.

Na goge komai. Kwana goma suka rage, uku a ciki na jarrabawa. Na je wurin matar da ke buga mana kwafin takardu a bakin ƙofar makaranta. Na fara gaya mata ko don me, da inda maganarta za ta je, da waɗanda za su ji. Ta ce ta yarda in dai ba zan tare mata layi ba. Duk tambayar da na yi, kalma uku take ba ni, tana danna inji. Na ce me ya sa, ta ce, "Haka nan." Na sake cewa me ya sa, ta ce, "Ɗan nan, kai ɗan sanda ne?" Da wannan na haɗa manhajar karɓar aikin kwafi ta waya. Ni kaina na san ba ta da rai.

Jiya a ɗakin, mutum huɗu a bayan dogon tebur, kwalbar ruwa gaban kowa. Kafin in kai rabi ɗaya ya fara duba wayarsa. Da na gama, shugabarsu, wata mai farin gilashi, ta rufe fayil ɗina ta ce, "Bar manhajar. Ba mu labarin babban kuskuren da ka taɓa yi wa wani mutum a kan aiki, da abin da ya biyo baya."

Auta, kowa na shirya wa wannan tambayar. Yawanci ƙirƙira ake yi, su ma sun sani, shi ya sa in suka ji na gaske ba sa sakinsa. Ni kuma ina da shi a baki, ɗanye, daga tambayar farko har bokiti. Na ga yadda zan fara, na ga inda za su ajiye biro. Ina da yaƙinin da na faɗa da yanzu wani saƙon nake karanta miki.

Sai na ga ai shi ne dai. Ke ce, da Goggo, a wani bangon.

Na ba su labarin aikin rukuni da muka miƙa a makare a aji biyu. Matar ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Ba na rubuto don ki ce na kyauta ba. Ban gyara komai ba, na daina ɓatawa ne kawai. Kuma har yanzu in na tuna ɗakunan nan sai in ji takaici, wani ɓangaren a kanki, mafi yawa a kaina.

Ban san yadda zan fara da Goggo ba.

Mijinki.

*

Litinin

Yaya,

Wa alaikumus salam. Mun je asibiti ranar Asabar, sun zuƙe ruwan gwiwar, sun ce ta rage tsayuwa. Ni lafiya.

Na karanta. A littafi nan ne matar take zubewa a ƙasa ta rungume takarda ta ce ta yafe duniya da lahira. Na zauna a bakin gado na jira abin ya zo. Bai zo ba. Abin da ya zo haushi ne, sabo fil. Haushinka da ka bar ni mako biyu har ina ninke kaya, alhali layi ɗaya ya isa. Haushin mai farin gilashi. Haushin kaina, don ni ma ina son ɗakunan nan. Ban taɓa gaya maka ba, har launin labule na zaɓa a raina, da inda zan kafa katakon littattafai. Yanzu an wayi gari ni ce matar da ta hana mijinta aiki, kuma da za a mayar da ni ranar, abin da na rubuta shi zan sake rubutawa. Ka ga inda ka ajiye ni.

Amma ka yi shiru a inda magana za ta biya ka. Wannan na gani. Ban san me zan yi da shi ba tukuna, na dai gani.

Ban iya riƙe labarin ni kaɗai ba. Na je ƙofar Goggo na tsaya a bayan labule na ce, "Goggo, bai samu ba." Na ƙara da cewa, "Ya cire mu. Sun tambaye shi, ya ƙi faɗa, shi ya sa." Na koma kicin. Ina cikin wanke tukunya na ji an ƙwala mini kira, da cikakken sunana, irin wanda maƙwabta ke ji. Ta ce in zo da biro. Abin da ke ƙasa nata ne, na rubuta yadda ta faɗa, ta ce in na sauya kalma ɗaya za ta sani.

"Kai, sakarai. Ka tona mu gaban 'ya'yan mutane a banza, da aka zo inda tonon zai yi amfani kuma ka kama bakinka. Asara biyu. Haka ubanka yake, sai an tashi kasuwa yake tuna abin da ya je saye. Ban ce ka yi laifi da ka yi shirun ba, kada ka juya mini magana yadda ka juya wa yarinyar nan. Ranar Juma'a ka zo ka zauna a gabana ka maimaita kalmar nan da bakinka ina kallonka. Bayan nan ka nemi wani kamfanin, ba su kaɗai Allah ya halitta ba. In sun ce ka kawo mutum na gaske, ga ni. Shekara sittin da ɗaya, gwiwa ɗaya, ɗa ɗaya marar kan gado. Ka zo da littafi babba, don ni ba a taƙaita ni."

Ta ce in rufe haka. Yanzu tana zaune ta miƙe ƙafa, ta turo mini kwalbar maganin da yatsa ba tare da ta dube ni ba, don haka zan tsaya nan.

Nawa ban gama ba. Sauran ba na takarda ba ne, kuma ba ka da izinin rubuta ko kalma ɗaya a ciki. Motar farko ta Juma'a za ka hau.

Matarka.